Ƙwayoyin hanji na cikin kwali: me za su iya yi wa yaro mai borin jiki?

A hunturun bara ƙanwata da ke aure a Bauchi, can wajen Yelwa, ta turo min hoton ɗanta mai wata bakwai. Kumatunsa sun yi furu-furu, fatar ta daddare kamar bakin tafki a tsakiyar bazara, bayan kunnensa ya tsage yana tsattsafo da ruwa. Ta ce tunda sanyi ya shigo rabonta da barcin kirki, dare na yi sai ya kama goga fuska a zaninta yana kuka, har safa ta zura masa a hannu don kada ya yage kansa da farce. Ban gama kallon hoton ba sai ga na biyu: wani ɗan kwali mai hoton jariri yana dariya, cikinsa ƙananan ledoji na wani farin gari. Maƙwabciyarta mai sayar da kayan ƙarin lafiya a WhatsApp ce ta kawo mata, ta ce ƙwayoyi ne masu rai, a jiƙa wa yaro ya sha, su gyara hanji, ƙurajen su mutu tun daga ciki. Kuɗin kwali ɗaya ya kusa cefanen mako. Ta rubuto a ƙasa: "Yaya, in saya ko in bari?"

Abin da ke cikin ledojin nan shi ake kira furobayotik. A 2001 ƙwararrun da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka tara sun ba shi ma'anar da ake bi har yau: ƙwayoyin halitta masu rai waɗanda, in aka ba mutum su da yawan da ya isa, za su amfani lafiyarsa. Sharaɗi uku ke nan a dunƙule, su kasance da rai, su kai yawa, a kuma ga amfanin a ƙasa. Tunanin kansa ba sabo ba ne. Tun farkon ƙarni na 20 wani masani ɗan Rasha da ke aiki a Paris, Ilya Mechnikov, wanda ya ci kyautar Nobel a 1908, ya danganta tsawon ran ƙauyawan Bulgeriya da yawan shan nono mai tsami. Da ta rugagen Alkaleri ko Ningi ya biyo, da bai sha wahalar neman misali ba.

Shi kuwa borin jiki, wanda 'yan asibiti ke cewa alaji, ba Alhajin da ya sauke farali ba, kuskure ne na garkuwar jiki. Aikin garkuwa ta gane abokin gaba ta yaƙe shi. A jikin mai bori sai ta ɗauki abin da bai ci ba bai sha ba, ƙwai ko madarar shanu ko gyaɗa ko ƙurar ɗaki, ta ce ɓarawo ne. Ta ƙera masa wani makami da ake kira IgE ta ajiye. Ranar da abin ya sake shigowa sai jiki ya fesa sinadarin histamin, fata ta tashi ruɗu-ruɗu, hanci ya kama yoyo, ido ya kaɗa, ko ƙirji ya shaƙe. Tamkar maigadin da ya kwana yana jin motsi ne, asuba na yi ya rufe ɗan masu gida da duka. Ciwon kan fito a matsayin kirci, wato bushewar fata mai ƙaiƙayi irin ta ɗan ƙanwata, ko borin abinci, ko atishawar da ba ta jin maganin mura, ko asma. Sau da yawa a jere suke zuwa, jariri ya fara da kirci, ya tasa da fuka. Kuma abin yana bin jini: in uwa ko uba ko wani cikin yayye na da shi, yaron da ke tafe ya fi zama cikin haɗari.

To ina ruwan hanji da kumatu? A nan zancen ya yi daɗi. A 1989 wani likita a Landan, David Strachan, ya bi bayanan yara sama da 17,000 da aka haifa a Birtaniya cikin mako guda na watan Maris 1958. Ya tarar gwargwadon yawan yayyen yaro, gwargwadon raguwar yiwuwar ya kamu da atishawar bori. Ya ce wataƙila ƙwayoyin da manya ke kwasowa daga waje su shafa wa ƙaninsu ne ke horar da garkuwarsa. Bayan shekaru aka samu misalin da ya fi wannan fitowa fili a Amurka. Akwai wasu al'ummu biyu na manoma, Amish da Hutterite, asalinsu kusan ɗaya, suna haihuwa da yawa, suna shayarwa da nonon uwa. Amish da dawaki suke noma, garken shanu na maƙale da gida, yara na shiga suna fita. Hutterite kuwa da manyan injuna suke aiki, dabbobinsu na nesa da gidaje. Binciken da aka fitar a 2016 ya nuna asma ta kama kusan kashi 5 cikin 100 na yaran Amish, amma kusan kashi 21 na yaran Hutterite.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, jariri kan zo duniya hanjinsa kusan wayam. Baƙinsa na farko daga jikin uwa suke, wajen haihuwa, sannan daga fatarta da nononta. A cikin nonon uwa ma akwai wasu nau'o'in sukari da cikin jariri ba ya iya narkarwa sam, ba don shi aka zuba su ba, abincin wasu ƙwayoyi ne da ake kira Bifidobacterium. Uwa tana shayar da ɗanta, tana kuma kiwon baƙin da za su zauna a hanjinsa. Cikin shekaru biyu zuwa uku na farko waɗannan baƙi ke koya wa garkuwa haƙuri, su nuna mata wanda za ta daka da wanda za ta ƙyale ya wuce. In suka yi ƙaranci, ko aka kashe su da wuri, garkuwa sai ta tashi ba tarbiyya.

Daga nan lissafin ya yi kamar mai sauƙi: tunda rashin ƙwayoyi ne, a zuba su a kwalba a ɗura wa yaro. Biri ya yi kama da mutum, kuma gwajin farko ya yi armashi ƙwarai. A birnin Turku na ƙasar Finland aka ɗauki mata masu ciki 159 waɗanda bori ke cikin danginsu. Rabinsu aka ba su wata ƙwaya mai suna Lactobacillus rhamnosus GG makonni biyu zuwa huɗu kafin haihuwa, aka ci gaba har wata shida bayanta, sauran kuma aka ba su na bogi ba tare da sun sani ba. Sakamakon da ya fito a 2001 ya ce da yaran suka cika shekara biyu, kirci ya kama kashi 23 cikin 100 na ɓangaren masu ƙwayar, kashi 46 na ɗaya ɓangaren. Rabi cur. Kamfanoni suka yi caa a kai, kuma har gobe wannan adadin ne ke yawo a tallace-tallace.

Abin da mai talla ba ya faɗa shi ne abin da ya biyo baya. A 2007 masu bincike a Perth ta Ostireliya suka ba jarirai wata ƙwayar daban, Lactobacillus acidophilus, tsawon wata shida: kirci bai ragu ba, alamun bori a gwajin fata ma sai suka fi yawa ga waɗanda suka sha. A 2008 aka maimaita gwajin Finland a Jamus da ita dai ƙwayar GG ɗin, kirci ya fito kusan daidai a ɓangarorin biyu, shaƙewar ƙirji mai maimaituwa kuma ta fi damun yaran da aka ba ƙwayar. A 2008 ɗin dai a New Zealand aka gwada iri biyu gefe da gefe cikin jarirai 474, ɗaya ta rage kirci da kusan rabi, ɗayar ko gezau. Ma'ana kalmar furobayotik ba sunan magani ɗaya ba ce. Manomi ya san kaura daban, farafara daban, ko da yake duka dawa ake ce musu, kuma irin da ya yi kyau a fadamar Gadau ba lalle ya yi a jigawa ba. Abin da aka tabbatar a kan ƙwaya guda bai hau kan 'yar'uwarta ba, balle kan garin da ko cikakken sunan ƙwayar ba a rubuta a jikin kwalinsa ba.

Da aka tattara gwaje-gwajen wuri guda, Ƙungiyar Masana Borin Jiki ta Duniya ta fitar da matsaya a 2015. Ta ce ana iya ba mai ciki da mai shayarwa da jariri, in dai gidan masu bori ne, saboda akwai alamar yana rage kirci. Amma da bakinta ta ƙara da cewa hujjar mai rauni ce ƙwarai, shawarar kuma ba ta dole ba ce, kuma ba ta iya nuna wace ƙwaya ko nawa za a sha ba. Iyakar nasarar ke nan: rigakafin kirci, a wasu gidaje, yawanci in an fara tun ciki.

Ƙanwata kuwa ba rigakafi take nema ba, ɗanta ya riga ya kamu, magani take so. A nan amsar ta fi fitowa ƙarara. A 2018 cibiyar Cochrane, wadda aikinta tace bincike, ta haɗa gwaje-gwaje 39 da suka shafi mutum 2,599 masu kirci, ta ce furobayotik ɗin da ake da su ba sa rage ƙaiƙayi ko rashin barci, in ma sun rage to ba abin a zo a gani ba ne. Asma ma haka, bitar da aka yi a 2013 ba ta ga shaidar yana hana ta ba. Batun gyaɗa ne ya so ya ba da mamaki. A Melbourne aka riƙa ba yara masu borin gyaɗa ɗan mitsitsin garinta kullum ana ƙarawa a hankali, haɗe da furobayotik, a 2015 aka ce kusan kashi 82 cikin 100 sun iya cin gyaɗa lafiya. Sai dai an haɗa abu biyu a lokaci guda, wanne ne ya yi aikin? Da aka raba su a gwaji na gaba, wanda ya fito a 2022, kashi 46 na masu gyaɗa da ƙwaya ne suka iya cin gyaɗa lafiya, masu gyaɗa zalla kuma kashi 51. Ashe gyaɗar ce. Ƙwayar dai ta ɗan sassauta wa wasu ciwon ciki yayin jinyar. Wannan kuwa aiki ne na asibiti da likita tsaye a kai, kada wani ya ce zai gwada a gida.

Wani abin da ke damuna da yadda ake tallar nan a wajenmu shi ne ba a tambayar su wa aka yi wa gwajin. Yaran Finland da Jamus da Ostireliya ne, 'yan gida mai ɗa ɗaya ko biyu, ruwan famfo tsaf, ba akuya ba kaza. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida a Darazo ko Dass, awaki na gefe, yayye bakwai na ɗaukarsa suna saukewa, ba ƙarancin ƙwayoyi ke damunsa ba. Nasa ma sun yi yawa, kuma cikinsu akwai masu kawo gudawa da ke kashe yara. Don haka kada wani ya ji zancen Amish ya ce ashe ƙazanta magani ce. Wanke hannu da tsabtace ruwan sha da allurar rigakafi ba su ne suka jawo bori ba. Abin da ya canza shi ne rayuwar cikin gari: gida mai tayil da taga a rufe, haihuwa ta hanyar tiyata, madarar gwangwani tun mako na farko, sannan uwa uba antibayotik.

A kan wannan na ƙarshen nake son a tsaya. Kowa ya san yadda ake yi. Yaro ya yi ɗan zazzaɓi da zawo, a ce haƙori ne, a aiki yayarsa kemis da kuɗi a hannu, ta dawo da kwalba biyu ko uku, ɗaya ta antibayotik. A ba shi kwana biyu, ya ji sauƙi, a ajiye sauran a kan taga sai wani karon. Mura ta zo, wadda antibayotik ba ya yi mata komai, a sake ɗauko kwalbar. Kafin yaro ya yi shekara ya sha zagaye huɗu ko biyar. Shi kuwa maganin nan ba ya tantance na gida da baƙo, shara yake yi, kuma Bifidobacterium ɗin da uwa ta yi wata da watanni tana kiwo da nononta suna cikin waɗanda ke fara tafiya. Bincike da dama sun ga yaran da suka sha antibayotik da yawa a farkon rayuwa sun fi yin asma da kirci, ko da yake ana muhawara kan ko maganin ne sanadi ko ciwon da ya sa aka ba da shi. In ciwo ya kai a sha, dole a sha, yana ceton rai. Amma a ƙone gona da hannu sannan a je a sayo ƙwayar iri 'yar kaɗan da tsada a ce za a farfaɗo da ita, wannan an bar jaki ana dukan taiki. Haka batun dakashi, nonon farko mai kauri da har yanzu wasu kakanni ke cewa a matse a zubar, a ɗura wa jariri ruwa ko ɗauri. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nonon uwa zalla.

Sai sharaɗin rai. Ƙwayar da ta mutu ba furobayotik ba ce, gari ne kawai. Kwalin da ya taso daga Legas a bayan mota, ya kwana a tasha, ya zo ya zauna a kanta mai rufin kwano a watan Afrilu lokacin da zafin Bauchi ke taɓa digiri 40, ga wuta sai an ga dama, nawa ne suka rage da numfashi a cikinsa? Wasu nau'o'in an busar da su yadda za su jure, wasu kuwa sai firji. Lambar NAFDAC a jiki tana da muhimmanci, amma a juya kwalin a karanta ƙananan rubutun: da yawa daga kayan ƙarin lafiya suna ɗauke da jimlar da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba.

Wani zai ce to ai mu da kindirmo, me za mu yi da na kwali? Akwai gaskiya a ciki. Na taɓa zama na kalli wata Bafulatana tana haɗa shi: ta tafasa madara, ta bar ta ta huce har ta iya tsoma ɗan yatsa, ta ɗebo cokali guda na kindirmon jiya ta zuba, ta rufe ƙwaryar da faifai ta tura lungu. Kafin safiya ya kama. Cokalin nan na jiya ƙwayoyi ne masu rai take dasawa, abin da kamfani ke yi da injuna. Masar da Bauchi ke alfahari da ita ma da ƙullu mai tsami ake yin ta, haka koko, sai dai su wuta ta riga ta kashe ƙwayoyin kafin su kai baki. Kindirmo abinci ne mai kyau ga yaron da ya wuce wata shida, muddin an tafasa madarar, don ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar da makiyaya ke kira bakkale. Amma abinci ne, ba maganin kirci ba. Kuma a bambanta abu biyu da ake cakuɗawa. Wanda madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa, amma kindirmo bai dame shi ba, sukarin madara ne cikinsa ba ya narkarwa, ƙwayoyin kuma sun cinye wani kaso nasa. Yaron da ke da borin madara na gaske kuwa furotin ɗin ne jikinsa ke yaƙa, shi kuma yana nan daram a kindirmo, ba shi zai iya tayar masa da ciwon.

Kafin ma a kai ga magani, a tabbatar da sunan ciwon. A Najeriya in mutum ya ce yana da "ezima", galibi ƙyasfi yake nufi, shi kuwa wata ƙwayar cuta ce dangin naman gwari ke kawo shi, ba ruwansa da bori. Ga ƙazuwa mai hana gida duka barci, ga makero, ga ƙurajen zafi. Kowanne maganinsa daban, amma a kemis sau da yawa man shafawa guda ake miƙo wa duka, mai haɗi uku, wanda ke ɗauke da sinadari mai ƙarfi da ke sa fatar jariri ta yi siriri in an daɗe ana shafawa.

Abin da ya fi furobayotik hujja a fagen borin abinci yana cikin kicin ɗinmu. A 2015 wani gwaji a Landan ya bi jarirai 640 masu kirci mai tsanani ko borin ƙwai. Waɗanda aka hana gyaɗa har shekara biyar, kusan kashi 17 cikin 100 suka kamu da borinta; waɗanda aka fara ba su tun suna jarirai, kusan kashi 3. Turawa sun yi shekaru suna cewa a nisanta jariri da gyaɗa, sai ga shi kunun gyaɗar da iyayenmu ke ba yaro in ya fara cin abinci ya fi kusa da daidai. Kunu ko niƙaƙƙiya, ba ƙwayar gyaɗa ba, don tana shaƙe yaro. Mai kirci mai tsanani kuma a fara ganin likita kafin a ba shi. Ta fata kuwa labarin ya juye: wani bincike na 2003 a Ingila ya ga alaƙa tsakanin shafa wa jarirai mai da ke da man gyaɗa a fata mai ƙuraje da kamuwa da borin gyaɗa daga baya. Abin da ya shiga ta baki jiki kan karɓe shi a matsayin abinci, wanda ya kutsa ta tsagaggiyar fata kuwa sai a ɗauke shi ɓarawo.

Ga yaro mai ƙoshin lafiya furobayotik ba ya cika yin illa, sai dai ga aljihu. Bakwaini da yaron da garkuwarsa ta yi rauni su ne abin tsoro, don ƙwayar na iya tsallakawa cikin jini. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan mutuwar wani bakwaini da aka ba shi a asibiti. Yaron da ya ci wani abu kuma leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, ba kwali ba kindirmo, a ruga da shi asibiti, allurar adrenalin yake buƙata cikin mintuna.

Na ce wa ƙanwata ta bar kwalin ta kai shi asibitin koyarwa na Tafawa Ɓalewa. Likita ya duba ya ce kirci ne. Ya sa ta daina yi masa wanka da sabulu mai magani da ruwa mai zafi, ta riƙa laɓta masa mai marar turare sau da yawa a rana, musamman da an fito da shi daga wanka jiki da ɗanshi, ya kuma rubuta wani man shafawa marar ƙarfi na 'yan kwanaki, ya gaya mata ciwon kan lafa ya dawo, ta shirya wa hunturu mai zuwa. Cikin mako biyu kumatu suka yi sumul, ta samu barci. Sai daga baya take gaya min, tana dariya, cewa ai tun kafin ta turo min hoton ta riga ta biya rabin kuɗin kwalin, kunya ta hana ta mayarwa, har ta jiƙa masa leda uku. Maƙwabciyar kuwa ta roƙi hoton yaron na da da na yanzu, ta ɗora a WhatsApp ɗinta, ta rubuta a ƙasa cewa saura kwali huɗu.